Ƙofar da Kuka Miƙe

Litinin, mako biyu bayan Babbar Sallah.

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke kula da kayan tarihi na jiharmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, shekaru ke nan maganar nan tana cin raina.

Ni tsohon malamin tarihi ne. Ina saurayi aka tura ni karatu Indiya, inda na hau wata ganuwa da sarakunan Rajput suka gina bisa tsauni. Ƙofofinta ba sa kallon juna. Sai ka sha kwana kafin ka kai kowacce, don kada giwar yaƙi ta samu filin gudu ta banke ƙyaure. Nan na lura, ashe haka ƙofar tsohuwar ganuwar dutsen ƙauyenmu take, a ƙasar Bungudu: karkatacciya, matsattsiya, doki ɗaya ke shiga, shi ma sai an ja shi. Kakanninmu kuwa ko sunan Indiya ba su taɓa ji ba.

Na ɗaya. Rani uku na yi ina auna ganuwar ƙauyenmu da igiya, ina zanawa, ina rubuta abin da dattawa suka gaya mini. Da hannuna na kai littafin ofishinku. Ba ni da kwafi.

Na biyu. Kun turo ɗan kwangila ya yi gyara. Ya dubi ƙofar, ya ce magabata ba su iya miƙe gini ba. Ya rushe kwanar, ya faɗaɗa hanyar don motar baƙi, ya shafe komai da siminti. Da na yi magana sai ya ce, "Baba, ci gaba ne." Sau ɗaya baƙin suka zo.

Na uku. Yanzu babura uku na shiga a jere, kuma kun san su wa ke yawo da babura a jere a dajinmu. Mutanen da ke hawa dutsen su ɓuya in an ji motsi, yau suna Gusau, wasu a zauren gidana.

Ban ce a sake gini ba, babu mai iyawa. Littafina nake roƙo. Duk zuwan da na yi, sai a ce an sauya ofis, ba a san kwalin da yake ciki ba. In ya ɓata, ku rubuto mini in daina sintiri.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa ku sauka lafiya.

Dattawan da suka ba ni labari duk sun rasu. Idona ya daina ganin layi. Babu ƙofar, babu zanenta.

Wassalam.

Tsohon malamin tarihi,
Tudun Wada, Gusau.