Naman Akuyar Ista

Baban Tabita,

Na tafi coci, zumuntar mata na koyon waƙar gobe. Tuwonka na rufe a ɗaki.

Don Allah kada ka aika wa kowa naman nan. Na san ranka ya ɓaci da Malam Maharazu ya aiko cewa bana ba zai yanka mana akuyar Ista ba, wai ana yi da shi a masallaci. Ni ma ya yi mini ciwo. Amma ka yanka da hannunka, sannan ka ce a kai wa maƙwabta a yi shiru, wa zai sani? Ni na sani. Yesu ma ya sani.

Iya Fanta ce ta karɓi haihuwar yaranmu duka. Ba ta taɓa tambayar wa ya yanka ba, don ta yarda da mu.

Ka yi haƙuri, na kai mata babban zakaranka da ransa, ɗanta ya yanka musu. Na gaya mata gaskiya. Ta karɓa.

In kun haɗu da Malam, ka riga shi gaisuwa. Kunyarka yake ji.

Rahila