Takin Baba Dunoma

Litinin, 4 ga Yuni, 2001
Takin gwamnati ya iso Gashuwa, tirela uku, za a sayar wa manoma a rabin kuɗi. Na buga jerin sunaye a tafireta na kai wa Oga. Ya ja jan biro a kan mutum talatin, ya miƙo mini wata takarda. "Suwaibatu, sa waɗannan a madadinsu." Duk 'yan gidan Alhaji Wakili ne, ɗan kasuwar nan na Nguru. Har da jikarsa da aka yaye bara.

Cikin waɗanda aka soke akwai Baba Dunoma na Dagona, aminin Malam, marigayi babanmu. A gidansa muka zauna wata huɗu shekarar da ruwa ya ci namu. Na ga sunan sarai. Na buga.

Laraba, 6 ga Yuni
Baba Dunoma ya zo ofis, ƙafafunsa duk taɓo. Ya duba allon sunaye bai ga kansa ba, ya leƙo tagata. "'Yata, ko mantuwa aka yi?" Na ce daga sama aka rage, Baba. Ya ce ba komai, ai ya san da ina da iko da na sa shi. Har albarka ya sa mini.

Alhamis, 7 ga Yuni
An kawo mana buhu uku gida, wai kason ma'aikata. Maigidana Usaini ya yi ta murna, ya ce gonarmu ta geron nan bana ta samu. Ban gaya masa komai ba, shi ma bai tambaya ba.

Talata, 19 ga Yuni
Na je Nguru gaisuwar mutuwa. Na ga buhunan jibge a rumfar Alhaji, ko tambarin ba su kankare ba, kuɗi ya ninka. Wasu ana lodawa za a yi hanyar Machina da su, can bakin iyakar Nijar. Na ja mayafi na wuce da sauri, sai ka ce wani zai gane rubutun tafiretata a fuskata.

Juma'a, 10 ga Agusta
Geronmu ya yi kore shar. Na daina zuwa gonar.

Asabar, 27 ga Oktoba
Baba Dunoma ya zo da kansa, da shinkafa kwano biyu a ƙullin zane. Ya ce bana ba ta yi auki ba, ko rabin ta bara bai samu ba, har ya sayar da kwalekwalensa. "Amma ba na zo hannu rabbana gidan 'yar Malam ba." Na ce ya bar ta. Ya ɓata rai, dole na karɓa.

Usaini ya ce a dafa. Na ce kaina ke ciwo.

Litinin, 20 ga Mayu, 2002
An sake kawo taki, an sake jan biro. Wannan karon arba'in. Na buga yadda aka ce, ina da yara, kuma aikin nan shi ne abincinmu.

Amma na sa takardar kabon, jerin farko da na biyu duka suka fita bibbiyu. Da Malam Babakura, shugaban ƙungiyar manoma, ya zo bin ba'asi, ya zauna a bencin ofishina. Na ajiye kwafin kusa da shi, na ce zan je in yi alwala.

Na daɗe a wajen famfo. Ba ba shi na yi ba. Mantawa na yi.