Dutsen da Ka Bar wa Baba

Yaya Sani,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, ina aiki, ina yara? Mu nan Filingue lafiya, sai haƙurin rashin Baba.

Jiya muna sharar ɗakinsa muka ga baƙin dutsen da ka zana wa kibiya, wanda ka ce maganaɗisunsa bai manta inda arewa take ba tun da ya daskare bayan narkewa, da irinsa ku masana duwatsu kuke gane inda nahiyoyi suke a da. Kusa da buzunsa Baba ya ajiye shi, kibiyar tana kallon hanyar Yamai da ka bi. Inna ta ce yakan ce, "Dutse ma bai manta gida ba."

Ka yi masa addu'a, ka gaida iyali. Inna ta hana a taɓa dutsen.

Ƙanwarka,
Hadiza