Jar Gonar Kaka Delfino

Corrales, 3 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Ofelia,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Ruben da yara, kuma sanyin Denver bai fara takura muku ba. Mu nan lafiya lau, sai dai ni murna da fargaba sun haɗe mini wuri guda.

Yaya, Kaka Delfino zai hau balan-balan, babban nan mai kwando da zafin wuta ke ɗagawa sama! Sake karantawa, ba kuskure na yi ba.

Kin san tun da na gama karatun haɗa magunguna a watan Mayu Leandro yake son zuwa neman aurena, Kaka kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mai kwando", don Leandro matuƙin balan-balan ne. Dalilin shi ne dai na tun muna yara: balan-balan ɗin nan da ya sauka mana a gona, rurin wutarsa ya firgita goɗiyar Kaka ta afka wa wayar shinge, motar masu binsa ta ƙasa ta tattake barkono, suka tafi suka bar ƙofa a buɗe. Leandro ya nuna mini taswirar matuƙa. Duk gonar da mai ita ya hana sauka ana shafa mata ja, tamu kuwa jawur take har yau.

Ranar Lahadi bayan coci na yi ƙarfin hali na yi wa Kaka maganar. Ya ci gaba da ɓare gasasshen barkono. Can ya ce shi ba ya ba da jika ga mutumin da bai ga aikinsa ba, ai Ruben ɗinki ma sai da ya yashe masa hanyar ruwa kafin ya samu ke. Sai ya ce, "Shi wannan aikinsa a sama yake, ko? To sai in bi shi can in gani."

Tun daga nan ban zauna ba. Na kai shi likita, an ce zuciyarsa da jininsa lafiya, gwiwar ce abin lura, don babu kujera a kwandon, tsayuwa ce ta kusan awa guda. Na tanadar masa rufaffen takalmi, da riga biyu don ya cire ɗaya in rana ta ɗaga, da hula saboda zafin wutar a ka yake sauka. Na sa shi ya gwada durƙuson sauka a falo, wato a ɗan lanƙwasa gwiwa a riƙe igiya da hannu biyu. Ya yi sau ɗaya ya ce, "'Yar nan, digirin naki na magani ne ko na renon tsofaffi?"

Asabar za mu tashi. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Eloisa

Corrales, 7 ga Oktoba

Yaya Ofelia,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Yaya tarin ɗanki Nico, ya lafa?

Ba mu tashi ba. Mun isa fili da asuba, Kaka ya sha kofi ya ci burito, naɗin nan na waina da ƙwai, har an sauke kwando daga mota. Leandro ya saki ƙaramin balan-balan irin na yara don ya ga inda iska ta nufa, abin ya tashi kaɗan ya kwanta ya bi gabas a guje. Ya bi shi da kallo har ya ɓace, sai ya juyo ya ce yau babu tashi. Wasu matuƙa biyu a gefenmu sun tashi abinsu, Yaya, a kan idon Kaka!

Ni dai sararin sama garau na gan shi. Na ja Leandro gefe ina roƙonsa. Ya ce tashi ba wuya, saukar yake ji, kuma ba zai ja tsoho a ƙasa cikin kwando don a ce ya burge ba. Da muka iso gida Kaka ya ce, "An tashe ni da asuba in kalli abin wasan yara." Ban gane ko fushi ne ba. An ɗaga zuwa Talata, in ya yarda ya sake fitowa.

Taki,
Eloisa

Corrales, 10 ga Oktoba

Yayata ta kaina,

Ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Zauna tukun kafin ki karanta!

Ni na yi zaton sai na lallashe shi, ashe ya riga ni shiga mota, da hularsa a ka.

Aka shimfiɗa balan-balan ɗin a ƙasa, fanka ta cika shi da iska, sannan Leandro ya buɗe wuta, abin ya miƙe tsaye a kanmu kamar gidan bene. Kaka ya ƙi a kama shi, ya taka ramukan jikin kwandon ya haura da kansa. Ni ina can ina ƙanƙame da igiya ina jiran girgiza, sai kawai na ga motarmu tana ƙanƙancewa. Ban ji tashin ba sam, ƙasa ce ta sake mu.

Abin da duk karatuna bai gaya mini ba shi ne shirun. Ba a jin iska ko kaɗan, don tare da ita ake tafiya. In wuta ta yi shiru sai ki ji haushin karnuka, da wata mata tana kwala wa ɗanta kira ya zo ya gani. Rana ta leƙo ta bayan dutsen Sandia, itatuwan bakin kogi sun yi rawaya. Leandro ya sauko da mu har gindin kwandon ya shafi ruwan kogin Rio Grande, na yi ƙara, Kaka ya ce, "Rufe mana baki, kin kori agwagi." Amma fa dariya yake yi!

Shi balan-balan ba shi da sitiyari, hawa ake yi ko a sauko a nemi iskar da ta nufi inda ake so. Yau kuwa duk wadda ya nema, Corrales ta nufa. Kaka ya fara nuna gidaje yana faɗin wanda bai gyara rufinsa ba. Sai ga gonarmu, an yanke ciyawa, shimfiɗe kamar tabarma, dawakan Kaka uku suna kiwo a gefe. Na kalli Kaka, dariyar ta tafi, idonsa na kan dawakan.

Leandro ya saki hannun babbar wutar, ya kama wani ƙarami a gefe. Wutar ta fito a hankali, ba ruri, kamar ta murhun girki. Muka wuce ta kan dawakan, ko kai ba su ɗaga ba. Kaka ya tambaye shi mene ne wannan. Ya ce ta dabbobi ce, duk inda ya hango su ita yake kunnawa.

Daga nan Leandro ya ce mu shirya, zai haye gaba ya nemi wani fili a kan tudu, amma akwai duwatsu, saukar za ta yi ɗan tsauri, in tsaya a bayan Kaka in tare shi.

Kaka ya ce, "Wannan filin da ke ƙasanka fa, ƙaya ce a ciki?"

Leandro ya ce, "A taswira ja ne, Baba Delfino. Mai gonar ya hana."

"Wane irin mutum ne shi?"

"An ce ba ya son wasa da dawakansa. Ban ga laifinsa ba."

Kaka ya yi gyaran murya ya ce, "To mai gonar yana cikin kwandonka, kuma gwiwarsa ta gaji. Sauke mu can ƙarshe, nesa da shinge."

Kwandon ya taɓa ƙasa, ya ɗan yi tsalle, ya zauna. Kaka ya yi durƙusonsa daidai yadda na koya masa, ni ce na manta nawa na faɗa masa a baya! Zan fita Leandro ya riƙe ni, wai in nauyina ya ragu sai su biyu su koma sama. Kaka ya ce, "Bar ta ta fita mu huta."

Motar masu binmu ta iso ta tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya taɓa sakata sai da Kaka ya ɗaga musu hannu. Suka shigo da ƙafa, na ƙarshensu ya mayar da ƙofa ya rufe. Na ga Kaka ya bi hannun mutumin da kallo.

Kin san al'adarsu, matuƙi yakan ba mai gonar da ya sauka a ciki kwalbar giya. Leandro ya ɗauko ta ruwan tuffa mai kumfa, don na gaya masa likita ya hana giya, ya miƙa da hannu biyu. Kaka ya juya ta, ya duba, ya cusa a hammata. Ya ce jan nan na taswira kada a goge, yana nan ga kowa, ban da mutum ɗaya. Leandro ya tambaya ko a kawo kofuna.

Ya ce, "A'a, Leandro. Wannan sai ranar biki."

Leandro fa, Yaya! Da bakinsa! Kwalbar tana kan kabad kusa da hoton matarsa, Kaka Rosaura, ya hana kowa taɓawa. Ki fara neman hutu a wurin aiki.

Ki sumbaci yara, ki gaida Ruben, ki ce masa nasa yashe hanyar ruwan ya fi wuya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Eloisa Tafoya