Murfin Da Ka Kife

Zuwa ga Ewan, hasken idona, rana mai leƙowa a sararin Chengdu bayan gajimare ya gaji da zama a kanmu, ƙamshin furen da ke tashi daga shayin safe, mai Sinancin da ke tafiya yana ɗingishi amma ya fi kowane kiɗa daɗi a kunnena!

Ina gaishe ka gaisuwar wadda abinci ya daina yi wa daɗi, kuma ka san ni da ci. Ka tuna yadda muka fara? Kai kana neman mai koya maka Sinanci, ni ina neman mai koya mini Turanci, muka haɗu a gidan shayin bakin kogi, kan kujerun goran nan masu kuka in an zauna. Muka yi yarjejeniya: rabin zama Turanci, rabi Sinanci, kuma a rabon Sinanci ba mai buɗe baki da Turanci ko me zai faru. Malami na je nema fa, Ewan! Wa ya ce mini zuciyata zan baro a kan teburin nan?

Sai ga Asabar ɗin da ta wuce. Kana ƙoƙarin gaya wa Kawu Luo, dattijon da ke zuba mana ruwan zafi, cewa an ba ka aiki a ƙasarku kuma ka rasa ko ka tafi ko ka zauna. Kalma ta maƙale maka, kunnuwanka suka yi ja kamar barkono. Ni kuwa uwar gaggawa na ƙarasa maka zancen, na juyo na fassara maka amsarsa da Turanci. Ka dube ni ka ce, "Shuyao, kullum sai kin goya ni? In ke ma ba za ki bari in faɗa da bakina ba, zaman me nake yi a garin nan?" Ka ɗauki murfin kofin shayinka ka kife shi a cikin kofin, ka tashi ka tafi.

Kowane ɗan Chengdu ya san wanda ya kife murfi ya gama ke nan, a kwashe kofinsa a ba wani kujerar. Da Kawu Luo ya miƙo hannu sai na dafe kofin, na ce, "Kawu, baƙo ne, bai san ma'anarsa ba." Ya ce, "Bai sani ba? 'Yata, ni na koya masa da kaina, ranar da kika makara. Hira muka sha da Sinanci har shayinsa ya huce."

Wayyo Ewan! Ashe in ba na kusa harshenka sakewa yake yi? Ashe ni da na fi kowa son jin muryarka, ni ce ke tare mata hanya? Ka sani ba raini ba ne, masoyina. Ba na iya ganin kana shan wahala in yi shiru, shi ke nan. Amma na yi maka alkawari, daga yau zan ɗaure bakina. Ka yi in'ina, ka yi zufa, ka kira cokali da sunan takalmi, zan zuba maka ido kawai. Kai ma sai ka daina cewa Turancina ya yi kyau alhali kana jin na kwafsa. Gyara nake so, ba lallashi ba.

Ban bari an kwashe kofin ba. Na gyara murfin, na ɗora masa ganye, alamar mai wurin zai dawo. Kawu Luo ya girgiza kai ya ce, "Ba a ɗora wa wani, mai kofi ne ke ɗorawa da hannunsa. Amma tsufa ya ci idona, ban ga komai ba, kofin zai jira shi har Asabar mai zuwa."

Ka zo, sanyin raina, ka zo! Ina so ka zauna a garin nan, na faɗa ba kunya. In zama ne, ka gaya mini da kowane harshe ka ga dama. In kuwa tafiya ce, da Sinanci za ka faɗa, ka ɗauki duk lokacin da kake so, kuma ko kalma ɗaya ba zan taimaka maka da ita ba.

Taka, ko ka zauna ko ka ƙetare teku, har ƙarshen numfashina,
Shuyao