Miyar da Babu Gishiri

Karaye, 1957

Zuwa ga Mijinyawa, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan fari mai tayar da ƙamshin ƙasa! Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki ya yi sauƙi.

Takardarka daga asibiti a Kano ta iso. Ka ce likita ya saurari ƙirjinka, ya ce zazzaɓin da ya kumbura maka gaɓoɓi kana yaro a Beli ya bar tabo: wata ƙofa a cikin zuciyarka ta tsuke, jini ba ya wucewa sosai, ruwa na taruwa a huhu. Don haka wai in janye, a fasa aurenmu na bayan kaka, kada ƙuruciyata ta ƙare a jinya.

Ka tuna ranar da ka rako ni daga kasuwar Rogo, ka tsaya sau uku kana haki, hannu a ƙirji? Wayyo ni! Shekara biyu ina alfahari da hakin nan, na ɗauka ni na jawo shi. Ashe ciwo ne.

Wannan na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne sunan Jamilatu, ma'aikaciyar jinya, sau biyar a shafi biyu. Jamilatu ta tokare ka da matasai uku don ka samu numfashi. Jamilatu ta riƙe wuyan hannunka tana duban agogo, safe da yamma! Ni da kunya ta hana ni haɗa ido da kai a zauren Baba, sai ga wata ta haddace bugun zuciyarka? Gaya mini gaskiya, farin watana: tausayina ya sa ka sallame ni, ko hannunta ne da laushi?

Ka ce ta hana ka gishiri. To, ka shaida mata mako uku ke nan ina miyar kuka babu gishiri. Inna ta fara neman mai ruƙiyya, ƙannena sun ƙaurace wa tukunyata. Jiya dai miyar ta ciyu: daddawa, citta, da ɗan tsami. Matasai uku ma na ɗinka, na cika su da audugar rimi.

Ban janye ba. Ka dawo, mu riƙa tafiya muna tsayawa, ko sau goma ne. Ita Jamilatu aiki take yi, in lokacin tashi ya yi ta tafi gida. Ni ba ni da lokacin tashi.

Taka, muddin ina numfashi,
Hajo