Gurmin Baffana Da Kuka Kafe Da Ƙusa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin da ya shirya bikin kaɗe-kaɗen gargajiya da baƙin Amurka,
Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kai da iyali da sauran 'yan kwamitinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Sunana Hajara, malamar Turanci ce ni a wata makarantar 'yan mata, ina zaune a Takur. Ba ka san ni ba, amma ka riƙe kayan mahaifina a hannunka, har an ɗauke ka hoto kana murmushi da shi. Na yi ta sintiri zuwa ofishinku, kullum sai a ce kana taro ko ka tafi Kano. Shi ya sa na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a aka yi mana abin da aka yi.

Bari in fara gabatar maka da mutumin, don na tabbata ba ka ga fuskarsa ba a ranar. Mahaifina Malam Buba, muna kiransa Baffa, Bafillatani ne daga wata ruga a ƙasar Ringim. Ya yi kiwo har gwiwoyinsa suka gaji, yanzu ɗan noman fadama yake taɓawa. Tun yana saurayi yake kaɗa gurmi, amma bai taɓa bin wani mai mulki ko mai kuɗi da roƙo ba. A bayan shanu ya koya wurin wan mahaifinsa, wanda ya bar masa gurmin da nake magana a kai. Ƙoƙon duma ne da hannu ya goge har ya yi baƙi yana sheƙi, an rufe shi da fatar guza, tsirkiyarsa biyu. Tun rasuwar mahaifiyarmu ya rataye shi a ɗaki, ba ya sauke shi sai jefi-jefi.

Ɗaya daga cikin waɗannan lokuta shi ne ranar sunan 'yata. Wani daga cikin mahalarta ya ɗauke shi a waya ya saka a intanet, kuma ta nan baƙinku suka gan shi. Su biyu ne: wata dattijuwa baƙar fata mai kaɗa banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya na ƙasarsu, da abokin tafiyarta, wani Bature mai goge irin nasu. Kiɗansu na mutanen karkara ne, waƙoƙin manoma da masu haƙar kwal da leburorin hanyar jirgin ƙasa, waɗanda ake gada daga baki zuwa baki. Banjon dattijuwar ba irin na ƙarfe ba ne, na duma ne da fata, irin wanda bayin da aka kwasa daga ƙasashen nan namu suka fara haɗawa a can. Ta ga gurmin Baffa ta ga ɗan'uwan abin da take kaɗawa, sai ta roƙi kwamitinku ya nemo mata shi su zauna su yi kiɗa tare. Sakatarenku da kansa ya je har ruga ya faɗa wa Baffa haka. Baffa ya ce shi ya tsufa da shiga taro. Na yi ta lallashinsa har ya yarda. Ya sake wa gurmin tsirkiya, ya yi ta gwaji a gindin tsamiya, ya sa aka wanke masa farar rigarsa ta Idi. Ranar da zai taho, maƙwabta suka rako shi har bakin titi.

Ga abin da ya tarar.

Na farko. Mun iso zauren taron da hantsi. Mai gadi ya ce masu kati ne kawai za su shiga ta gaba, makaɗa kuma su zagaya baya su jira a kira su. Ni ina da kati da aka ba makarantarmu, na miƙa wa Baffa, aka ce ba a ba da aronsa. Bayan zauren babu rumfa, babu kujera, sai janareta da ke ta tofa hayaƙi da kwandon shara da ƙudaje suka yi wa rubdugu. A nan aka tara dattawan da kuka gayyato daga ƙauyuka, har da wani makahon mai goge da ya taso daga wajen Kiyawa. Baffa ya shimfiɗa rawaninsa a kan wani bulo ya zaunar da makahon, shi kuma ya tsuguna. Ruwan da aka yi ta shiga da shi kwali-kwali ta gabansu aka riƙa wucewa da shi. Sai da na fita titi na sayo musu na leda.

Na biyu. A ciki kuwa jawabai aka yi ta yi. Kowa ya hau sai ya jero sunayen manyan baƙi tun daga farko, ya ce al'ada ita ce tushenmu, a tafa masa. Da aka gama aka ce ga kiɗan gargajiya. Sai ga wasu samari sun fito cikin kayan saƙi sabbi fil, an kunna musu waƙar fiyano a lasifika suna motsa baki. Ɗaya daga cikinsu yana riƙe da garaya a juye, yana kaɗa iska. Na ga dattijuwar ta juya ta kalli abokin tafiyarta, sannan ta sunkuyar da kai. Masu kiɗan gaske suna bayan bango hayaƙi yana shiga musu ido, ku kuma kuna nuna wa baƙin da suka ƙetaro teku jabun abin da suka zo nema.

Na uku, kuma wannan ya shafi baƙin naku ne kai tsaye. Da aka ba su fili, dattijuwar ta yi bayani da Turanci cewa waƙar da za ta rera ta wata uwa ce da ke tsaye a bakin ramin kwal tana jiran a fito da gawar ɗanta. Mai gabatarwa ya karɓi makirufo ya ce, "Jama'a, Hajiya ta ce tun da ta zo take neman tuwo da miyar kuka ba ta samu ba." Zaure ya ɓarke da dariya. Ita ba ta san abin da aka ce ba, ta ɗauka maraba ake yi mata, ta dafa ƙirji ta yi godiya. Ta fara kaɗawa, muryarta a dushe, irin muryar da ke sa tsigar jiki ta tashi ko ba ka jin harshen. Ba ta kai rabi ba wani babban mutum ya shigo da tawagarsa. Nan take aka kashe mata makirufo, mai gabatarwa ya shiga zuba kirari. Ta ci gaba da motsa yatsu babu mai jin ta, masu rabon shinkafa suna ta wucewa ta gabanta, ana miƙa robobi ta saman kan Baturen mai goge. Ranka ya daɗe, kana kujerar gaba. Na ga ka tashi ka tari babban mutumin, ban ga ka waiwayi dandamali ba. Ni kuwa na ji abin da ta faɗa, na kuma ji abin da aka mayar da shi.

Na huɗu shi ne dalilin wannan wasiƙa. Tun da rana wani ma'aikacinku ya zagaya baya ya ce wa Baffa ya ba da gurminsa a ajiye a kan teburi don baƙi su gani kafin a kira shi. Baffa ya yi jinkiri, sannan ya miƙa da hannu biyu, ya ce a kula kada a bar shi a rana, fatar ba ta son zafi. Ba a taɓa kiran nasa ba. Da la'asar ta yi aka ce lokaci ya ƙure, za a ba baƙi kyauta a rufe taro. Sai na ga an fito da wani katako mai sheƙi an miƙa maka. A jikinsa ga gurmin Baffa, an shafe duman da fenti kore da fari, an rubuta sunan kwamitinku a kan fatar, an kafe shi da ƙusoshi guda ta wuya guda ta ciki. Ka ɗaga shi sama ka ce kyauta ce daga al'ummar wannan jiha. Aka tafa, aka yi hotuna.

Na yi ƙoƙarin isa gaba, masu tsaro suka tare ni. Na zagaya baya na tarar da Baffa yana alwala da sauran ruwan ledar. Ban san yadda zan faɗa masa ba, ashe makahon mai goge ya riga ya ji sanarwar ta lasifika ya gane, har ya gaya masa. Baffa ya ƙarasa alwalarsa. Ya yi sallarsa, ya naɗa rawaninsa da ya yi baƙi da hayaƙi, muka tari adaidaita zuwa Takur. A hanya ya riƙa ɗora hannunsa a cinyarsa inda ya saba ɗora gurmin, sannan ya janye.

Wa ya ba ku? Wannan ita ce tambayata. Da sabon gurmi kuke so, ai akwai masu haɗawa a kasuwa, kuma da kun tambayi Baffa da ya nuna muku wanda ya iya. Amma mutum ya ba ka amanar abin da ya gada, ka buga masa ƙusa ka yi kyauta da shi da sunanka, ban san sunan da za a kira wannan da shi ba in ba ƙwace ba. Har yanzu ina mamakin hannun da ya ɗauki guduma ya ɗora ƙusa a kan wannan duma, bai ji komai ba.

Washegari na je masaukin baƙin. Na ce wa dattijuwar ni 'yar mutumin da ta nema ce. Ta ce ai an gaya mata ba shi da lafiya bai samu zuwa ba. Na ce ya zo, a bayan zaure ya wuni, kuma abin da ke jingine a bangon ɗakinta nasa ne. Ta juya ta kalli katakon. Sannan ta ɗauki mayafinta da banjonta ta ce in kai ta wurinsa.

A tsakar gidana suka haɗu. Ta tuɓe takalmi ta zauna a tabarma, ta ajiye katakon a gabansa, ta ce in gaya masa tana jin kunya. Baffa ya ce in gaya mata baƙo ba ya laifi a gidan da bai san ƙofarsa ba. Mijina ya kawo filaya ya zare ƙusoshin a hankali, amma da ta cikin ta fito sai duman ya tsage daga sama har ƙasa. Baffa ya juya shi, ya shafa tsagar da babban yatsa, ya ajiye shi a gefe ya rufe da hularsa.

Sai ta miƙa masa banjonta. Ya auna nauyinsa, ya taɓa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ce sun yi masa yawa. Ya zaɓi biyu ya fara kaɗa wani take da yake yi wa shanu idan za su gangara mashaya. Ita kuma ta rufe ido tana bin sa da murya, babu kalma, sai gunji. Maƙwabtana mata suka leƙo ta katanga suna saurare. Wannan shi ne abin da ta taso daga ƙasarta domin shi, kuma an yi shi a kan tabarma, kusa da turmi da igiyar shanya, ba tare da jawabin kowa ba. Da za ta tafi ta ce ya riƙe banjon. Ya ƙi. Ya ce shi ya ɗanɗana zafin raba mutum da abin kiɗansa, ba zai yi wa wani ba.

Ta ba ni labarin bukukuwan kiɗansu a can, inda ake zama a kan ciyawa, tsoho ya hau dandamali da kayan gonarsa, jama'a su yi shiru har ya gama. Ban je na gani ba, kuma ban ce su sun fi mu tarbiyya ba. Mu ma haka muke a ruga da ƙauye, idan dattijo ya ɗauki gurmi ko yaro ba ya tari. A zaurenku ne kawai na ga an maida makaɗi abin ado, an maida baƙo abin dariya.

Saboda haka ga buƙatuna, ranka ya daɗe.

Ka je ruga da ƙafarka, ba sakatare ba, ka zauna a gaban Baffa ka ba shi haƙuri a gaban maƙwabtan da suka rako shi bakin titi. Har yau suna tambayarsa yadda aka yi da Turawa, yana cewa lafiya lau. Kada a zo mana da kuɗi a ambulan, ba abin da muke nema ke nan ba.

A cire hoton gurmin daga allunan da kuka kafa a gari da shafukanku. Kullum zan tafi makaranta sai na wuce ta gabansa.

A rubuta wa baƙin a gaya musu gaskiyar abin da mai gabatarwa ya faɗa a kan waƙar uwar nan. Ni ban iya gaya mata ba, bakina ya yi nauyi.

A nemi sauran dattawan da suka wuni a bayan janareta, musamman makahon mai goge, a ba su haƙuri su ma. Idan kuma za ku sake shirya irin wannan biki, ku sa makaɗa a cikin kwamitin, ku ba su kujerun gaba. In ba za ku iya ba, ku bar mutane a ƙauyukansu da mutuncinsu.

Ina roƙon Allah Ya yi maka jagora a kan amanar da ke wuyanka, Ya ba ka tsufa mai daraja, Ya sa 'ya'yanka kada su taɓa tsayawa suna kallon ana yi maka abin da na kalla ana yi wa mahaifina.

Da na gaya wa Baffa zan rubuta maka, ya ce in bari, da na ƙi sai ya ce to in tabbata na sanar da kai cewa shi ya yafe. Na isar da saƙonsa kamar yadda ya umarce ni. Ni dai ban kai can ba tukuna.

Wassalam.

Hajara Buba,
Takur, Dutse.